Dokar sunan Champagne: yadda take kare ƙananan gonakin iyali, da inda take matse su

A watan Afrilun 2023 aka murƙushe gwangwani 2,352 na giyar Miller High Life ta Amurka, wadda jami'an kwastan na Beljiyam suka kama a tashar jiragen ruwa ta Antwerp. Ba lalacewa ta yi ba. Laifinta kirarin da ke jikin gwangwanin, inda ta ara wa kanta sunan Champagne. A dokar Tarayyar Turai wannan suna mallakin wani yanki ne na arewa maso gabashin Faransa, kewayen biranen Reims da Épernay, kuma giya mai kumfa da aka yi a can bisa ƙa'ida ce kaɗai za ta ɗauke shi. Ga Musulmi giya haram ce, wannan ba abin gardama ba ne. Abin dubawa a nan shi ne yadda doka ta ba ƙaramin manomi bakin magana a gaban manyan kamfanoni.

Da rikici aka haifi dokar. A 1911 manoman inabi na lardin Marne, bayan cutar da ta cinye kurangar inabinsu da shekarun rashin amfani, suka ga 'yan kasuwa na shigo da inabi mai araha daga wasu yankuna suna sayar da giyarsa da sunan Champagne. Suka fusata, suka ƙona rumbunan giya a garin Aÿ, sai da aka turo sojoji. Su ma manoman lardin Aube suka fito zanga-zanga don an cire su daga yankin. Dokar 1927 ce ta shata iyaka ta kuma haɗa da Aube, sannan a 1936 sunan ya samu cikakkiyar kariya. Yau yankin wajen hekta dubu 34 ne, a ƙauyuka 319. Gonar da ke wajen layin, ko da taku goma ne, inabinta ba na Champagne ba ne.

Ƙa'idojin ba su tsaya kan iyaka ba. Irin inabin da za a shuka an ƙayyade shi, kuma uku ne suka mamaye gonakin: Chardonnay, Pinot Noir da Meunier. Da hannu ake tsinka, an haramta injin girbi. Wajen matsa ma akwai awo: daga kilo 4,000 na inabi lita 2,550 kawai aka yarda a tatsa, abin da ya biyo baya ba ya shiga kwalba. Kumfar kuwa dole a cikin kwalbar za ta samu, ta hanyar tsimawa karo na biyu, ba a hura mata iska kamar lemon kwalba ba. Sai ta yi aƙalla wata 15 a ajiye kafin a sayar, in kuma an rubuta shekarar girbi a jikinta, shekara uku.

Wurin da dokar ta fi taɓa iyalai shi ne wasu ƙananan haruffa biyu da ke kan takardar kowace kwalba, tare da lambar rajista. In ka ga NM, kamfani ne mai ikon sayen inabi daga hannun manoma, kamar Moët & Chandon ko Veuve Clicquot. CM na ƙungiyar haɗin gwiwar manoma ne. MA kuwa sunan wani kanti ne ko otal da ya sa aka yi masa. RM shi ne na gidan da ya noma inabinsa, ya matsa, ya tsima, ya zuba a kwalba da kansa, kuma abin da zai sayo daga waje ba zai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Wato mai hekta huɗu a bayan gidansa, shi da matarsa da 'ya'yansa, doka ta ba shi shaidar da kamfani mai sayar da miliyoyin kwalabe ba zai iya saye ba. Sai dai kada a ɗauka RM tambarin inganci ne. Wanda ya yi aikin kawai yake nunawa, kuma gidan da ya bunƙasa har ya fara sayen inabin maƙwabta dole ya koma NM, ko da iyali ɗaya ne ke riƙe da shi.

Manoman sun kai kusan dubu 16, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na gonakin a hannunsu suke, alhali kamfanoni ne ke sayar da mafi yawan kwalaben. Kowa na buƙatar ɗan'uwansa. Shi ya sa tun 1941 ɓangarorin biyu ke zama a majalisa ɗaya, Comité Champagne, kowace shekara su tsayar da yawan inabin da za a ɗauka daga hekta guda. A 2020, da korona ta durƙusar da kasuwa, an kai ruwa rana kafin a amince da kilo 8,000. Kamfanoni na son a rage don rumbunansu sun cika, manomi kuwa da kilo ake biyansa. A ganina wannan ƙayyadewa ita ce ƙashin bayan tsarin, domin ba a bari kaya su yi yawa har farashi ya karye.

Irin wannan kariya ta sunan wuri ba baƙuwa ba ce a wajenmu: kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu rajista a ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka. Bambancin shi ne mutanen Champagne suna bin sawu har kotu. A 1993 suka tilasta wa kamfanin Yves Saint Laurent sauya sunan wani turarensa, kuma wani ƙauye a Suwizalan da shi ma Champagne ake kiransa ya rasa ikon rubuta sunansa a kan giyarsa. Amurka ce ta ɗan zille, don yarjejeniyar 2006 ta bar tsofaffin masu amfani da sunan su ci gaba in sun haɗa da na jiharsu.

Inda gizo ke saƙa shi ne farashin ƙasa. Tunda ba a ƙara gona yadda aka ga dama, hekta guda a yankin ta haura yuro miliyan ɗaya. Uba ya rasu ya bar hekta biyar da 'ya'ya uku, ɗaya ne mai son noma: dole ya biya 'yan'uwansa kasonsu, ga harajin gado da ake lissafawa a kan wannan farashi. Da yawa sai su sayar da wani yanki ko su ba da haya, kuma masu kuɗin karɓa galibi kamfanonin nan ne masu NM a jikin kwalba.