Keken guragu na ƙungiyoyin addini: tambayoyin da ake yi a Bauchi

Su wa ke kawo kekunan da ake rabawa?

Da yawa ƙungiyoyin sa-kai ne na Kiristocin Amurka. Free Wheelchair Mission, wadda injiniya Don Schoendorfer ya kafa a 2001, da farar kujerar roba irin ta gidan biki ta fara, aka sa mata tayoyin keke. Joni and Friends kuwa tsofaffin kekuna take tarawa, fursunoni su gyara su a kurkuku, sannan a turo. A maƙwabtanmu Jos akwai cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan-inna ta kama tun yana yaro. Keke mai taya uku suke ƙerawa, kuma ba sa ware Musulmi. A 2024 aka naɗa Gufwan shugabancin hukumar nakasassu ta ƙasa.

Ba an ce shan-inna ta ƙare ba?

A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan, ga haɗarin acaɓa, ga shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 80 a faɗin duniya na buƙatar keke.

Wanne ya fi, na waje ko na gida?

Keken asibiti na waje mai ƙananan tayoyin gaba don siminti aka yi shi. Ka shiga da shi lungu mai yashi a Bauchi, ko taɓon damina, nan take ya kafe, sai an nemo mai turawa. Mai taya uku na gida da ake murza fedarsa da hannu shi ke kai yaro makaranta, ya kai magidanci kasuwar Wunti da kayan tireda a baya. In sarƙa ta tsinke mai gyaran keke na bakin titi ya ɗaura, in ƙarfe ya karye mai walda ya liƙe. Na waje kuwa taya ɗaya ta lalace, shi ke nan, ya koma bayan ɗaki kaji na kwana a kai. Aibin mai taya uku shi ne girma: ba ya shiga ɗaki ko banɗaki, kuma sai mai ƙarfin hannu.

Kyauta ce, me zai sa a tsaya zaɓe?

Keke kamar takalmi ne, sai an gwada. Wanda ya samu rauni a laka ba ya jin zafin zama, in babu kushin mai kyau gyambo zai fito masa a mazaunai, kuma yana kisa. Rabon da za a jera kekuna a fili, a ɗauki hoto a watse ba tare da an auna kowa ba, ni dai ban yarda da shi ba.

Ana haɗawa da wa'azi?

Wasu na yi. Joni and Friends tana ba da Littafi Mai Tsarki tare da keken, ba ta ɓoyewa. Mai jin nauyin haka ya tambayi masu rabon tun kafin ya rubuta suna. Kwamitin masallacin unguwa ma zai iya tara sadaka, ya je wurin Sarkin Guragu ya ji wa ya fi buƙata, ya sa mai walda ya ƙera daidai jikinsa.