Za a Iya Gina Al'umma Marar Aibi? In An Gina Ta, Za Mu So Zama Cikinta?

Duk lokacin da rayuwa ta yi tsanani, kayan abinci suka yi tsada, tsaro ya taɓarɓare, sai zuciya ta fara kwaɗayin wata ƙasa da babu yunwa, babu ɓarawo, babu azzalumin shugaba. Wannan buri tsoho ne, kuma ba abin kunya ba ne. Amma tunda an sha ƙoƙarin cika shi a sassan duniya, ya kamata mu san yadda aka kwashe.

Su wa suka fara zancen al'ummar da ta cika ta kowace fuska?

Masana falsafa ne suka fi daɗewa a kai. Aflatun, mutumin Girka, ya tsara birnin da masu hikima ne kaɗai za su mulke shi, kowa kuma ya tsaya kan aikin da ya dace da shi. Daga cikin malaman Musulmi akwai Al-Farabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekarar 950. Shi ya kwatanta birni nagari da lafiyayyen jiki, shugaba kuma shi ne zuciya. Ya lissafa siffofi 12 da ake so shugaban ya tara, sannan da kansa ya yarda cewa da wuya a same su ga mutum ɗaya, don haka in sun rarrabu tsakanin mutane, sai su haɗu su yi mulkin tare. A Ingila kuwa, Thomas More ya fitar da littafinsa Utopia a 1516, inda ya zana wani tsibiri da babu mai mallakar dukiya ta ƙashin kansa, kowa yana aikin awa shida a rana. Sai dai ko a wannan tsibirin na takarda akwai bayi, kuma mutum ba ya tafiya wani gari sai da izinin hukuma.

An taɓa fitar da shi daga takarda zuwa aiki?

Sau da yawa. Labarin Robert Owen ya fi kowanne koyarwa a ganina. Attajiri ne mai masaƙar auduga a New Lanark da ke Sikotlan. A can ya rage wa ma'aikata awannin aiki, ya hana ɗaukar ƙananan yara aiki, ya buɗe wa 'ya'yan leburori makaranta, kuma masaƙar ta ci gaba da kawo riba. Ganin haka sai ya ce bari ya gina al'umma sabuwa fil. A 1825 ya sayi wani gari a jihar Indiana ta Amurka, ya sa masa suna New Harmony, ya kira duk mai so ya zo a yi zaman daidaito. Ɗaruruwan mutane suka amsa kira. Masu ilimi da masu iya magana suka yi yawa, masu noma da sana'ar hannu suka yi kaɗan, gardama ta kaure kan wanda zai yi aiki da wanda zai ci. Kafin ƙarshen 1827 an watse, Owen ya yi asarar mafi yawan dukiyarsa. Ƙananan gyare-gyaren da ya yi a masaƙa sun yi tasiri kan dokokin ƙwadago na ƙasarsa, babban garin da ya ɗora wa buri kuwa bai wuce shekara biyu ba.

A nan Afirka akwai Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, mutum mai gaskiya wanda ko abokan adawarsa ba su zarge shi da sata ba. A 1967 ya shelanta manufar Ujamaa: manoma su taru a ƙauyuka, su yi noma tare, gwamnati ta kawo musu makaranta da asibiti da ruwa. Da farko da son rai ne. Da mutane suka ƙi barin gonakin kakanninsu, sai daga 1973 aka mai da shi dole, aka kwashe miliyoyin mutane cikin 'yan shekaru, wasu aka sauke su a ƙasar da ba ta nomuwa. Amfanin gona ya ragu, fari ya ƙara dagula lamarin, ƙasar ta koma sayen abinci daga waje. Adalci ne a faɗa cewa yaƙi da jahilci ya yi nasara sosai a zamaninsa, kuma ya haɗa kan ƙabilun ƙasar da harshen Suwahili. Abin da ya rushe shi ne tunanin cewa jami'i a ofis ya fi manomi sanin inda ya kamata ya zauna.

Me ya sa wasu gwaje-gwajen suka ƙare da gawawwaki?

Domin wanda ya sakankance cewa yana riƙe da taswirar aljannar duniya ba ya ganin mai saɓa masa a matsayin mutum mai ra'ayi, sai dai cikas da za a kawar. Kuma in sakamakon da ake jira shi ne jin daɗi na har abada ga kowa, to a lissafinsa ran mutum dubu ba komai ba ne.

A Kambodiya, mayaƙan gurguzu na Khmer Rouge ƙarƙashin Pol Pot sun shiga Phnom Penh, babban birnin ƙasar, a watan Afrilun 1975, suka kori mutanen birnin zuwa gonaki, har da marasa lafiya da ke kwance a asibiti. Suka soke kuɗi, suka rufe kasuwanni da makarantu, suka hana ibada, wai don a samar da al'ummar manoma zalla wadda babu mai kuɗi babu talaka. Kafin a kifar da su a 1979, mutane tsakanin miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 sun mutu ta hanyar kisa da yunwa da cuta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar. Musulmin ƙabilar Cham na daga cikin waɗanda abin ya fi shafa. A Sin ma, shirin shugaba Mao na ɗaukaka ƙasa cikin gaggawa da aka fara a 1958 ya jawo yunwar da ta kashe gomman miliyoyi. Jami'an ƙauye suna tsoron faɗin gaskiya, sai su aika da rahoton girbi mai yawa, gwamnati ta kwashe hatsi bisa lissafin ƙarya, manoma su kwana da yunwa.

Ai laifin mugayen shugabanni ne. In aka samu mutanen kirki fa?

Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma tarihinmu na gida yana da amsarta. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yi hijira zuwa Gudu a 1804 da niyyar kafa adalci da kawar da zaluncin sarakuna. Jagororinsu malamai ne masu tsoron Allah. Amma ba a yi nisa ba sai Malam Abdullahi, ƙanin Shehu, ya ga wasu daga cikin mayaƙa sun karkata ga ganima da muƙami da tara dawakai. Abin ya dame shi har ya bar rundunar wajen 1807 da nufin tafiya gabas, ya tsaya a Kano, inda mutanen garin suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya rubuta Diya'ul Hukkam, sannan ya koma. Ka lura da abin da ya yi: bai ce a kashe duk wanda ya gurɓata ba, sai ya zauna ya rubuta iyakokin mai mulki.

Ibn Khaldun ya riga ya bayyana wannan tun ƙarni na 14. Waɗanda suka sha wuya suka kafa daula sun san darajarta, 'ya'yansu sun ji labari, jikokinsu kuwa a cikin daɗi suka buɗe ido. Ko da an samu tsara guda ta mutanen kirki, ba a gadon hali kamar yadda ake gadon gona.

To Madina a zamanin Manzon Allah (SAW) fa?

Ga Musulmi babu zamanin da ya kai shi. Amma ko a can akwai munafukai, akwai talakawan da ke kwana a masallaci, an yi husuma, an yanke hukunci kan masu laifi. Wajabta zakka kansa shaida ne cewa mabuƙata za su kasance. Fifikon wannan al'umma yana cikin yadda take tunkarar aibi idan ya bayyana. Sayyidina Abubakar, a jawabinsa na karɓar halifanci, cewa ya yi in ya yi daidai a taimake shi, in ya karkace a miƙar da shi. Mai tsammanin ba zai taɓa kuskure ba ba ya faɗin haka.

Mu ɗauka an yi nasarar gina ta. Za a ji daɗin zama a ciki?

A nan ne nake ganin matsalar ta fi zurfi. Abubuwan alheri su kansu suna cin karo da juna. Kana son cikakken 'yanci, kana kuma son cikakken daidaito, amma in ka sake wa mutane mara, wani zai fi wani samu, in kuma ka dage sai kowa ya zama ɗaya, dole ka ɗaure wa wasu hannu. Kana son alƙali mai tsantsar adalci, kana kuma son a yi afuwa ranar da ɗanka ne a gabansa. Manomi yana son hatsi ya yi tsada, ma'aikaci a birni yana son ya yi arha, kuma babu azzalumi a cikinsu. Masanin falsafa Isaiah Berlin ya daɗe yana nanata wannan: ba ƙarancin basira ne ya hana mu haɗa dukkan alherai wuri ɗaya ba, wasunsu ne ba sa haɗuwa. Aya ta 118 a Suratu Hud ma ta nuna cewa da Ubangiji ya so da ya mai da mutane al'umma guda, amma ba za su daina saɓani ba.

Sannan ka tambayi kanka: a ƙasar da aka ayyana cewa komai ya kammala, ina mai kuka zai kai kukansa? Matar da aka zalunta, in ta yi magana, za a ce ƙarya take yi ko ba ta da lafiya, tunda a hukumance babu zalunci. Ni wannan kaɗai ya isa ya sa in ƙi zama a can.

Wannan ba hujja ba ce ta naɗe hannu a bar ɓarna ta ci gaba?

Ko kusa. Ba sai mun yarda a kan yadda cikakkiyar al'umma take ba kafin mu yarda cewa mutuwar mace wajen haihuwa don babu jini a asibiti ɓarna ce, ko cewa yaro ɗan shekara bakwai yana bara cikin sanyi abin kunya ne gare mu duka. Masanin falsafa Karl Popper ya ba da shawarar a riƙa gyara ɗaya bayan ɗaya, ta yadda in an yi kuskure za a gane da wuri a janye. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998, ya nuna cewa ba a cika samun babbar yunwa a ƙasar da ke da 'yancin jarida da zaɓe na gaskiya ba, domin labari yana fita kuma masu mulki suna tsoron kunya da faɗuwa.

Irin wannan aiki ba shi da armashin juyin juya hali, amma ga abin da ya haifar. Agana, wadda ta makantar da kakanninmu ta kashe su, an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Kurkunu ya kama mutane sama da 650,000 a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, yana kwantar da manoma daidai lokacin damina. Aka bi ƙauye ƙauye ana raba ƙyallen tace ruwa, ana haƙa rijiyoyi, ana hana mai ciwon shiga tafki, Janar Yakubu Gowon da kansa ya zagaya yana faɗakarwa, har a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi. A watan Agustan 2020 kuma aka shelanta cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, bayan shekaru da mata masu allurar rigakafi suka yi suna shiga gida gida a Kano da Borno, wasunsu ma sun rasa rayukansu a bakin aikin.