Mene ne kalfinaj da masu sa karo ke faɗa?

Wanda ya yi gini a Garwa ko Marwa ko Njamena har ya kai ga banɗaki, mai yiwuwa ya ji mai sa karo, wato tayil ɗin da ake mannawa a bango da daɓe, ya ce, "Alhaji, a bari mu yi kalfinaj tukuna." Kalmar Faransanci ce, calepinage, daga calepin, ɗan littafin aljihun nan da ake rubuta awo a ciki. Abin da magina ke nufi da ita shi ne a zana bangon a takarda da awonsa na gaskiya, a jera karon a kai ɗaya bayan ɗaya, a san wanda zai zauna cikakke da wanda za a yanka, da inda yankan zai faɗa, da guda nawa za a saya. Duk wannan kafin a kwaɓa ko buhu ɗaya na siman-kol, wato simintin manna karo.

A zamanin ƙananan karo masu santimita 20 da 20 ko 20 da 30 ba kowa ke wahalar da kansa da wannan ba. A fara daga kusurwa, a yi ta jerawa, abin da ya rage a yanka. Yanzu kuwa ido ya koma kan manya, 30 da 60, 60 da 60, har 60 da 120, ga banɗakin gidajenmu bai ƙaru ba. Bangon da karo uku ko huɗu ke cika faɗinsa ba shi da inda zai ɓoye kuskure.

A ɗauki bango mai faɗin santimita 185, karon kuma faɗinsa 60. In aka fara daga kusurwar hagu, uku cikakku sun ci 180, sai a tarar da saura 5, a cire ramukan tsakani, wato 'yar ratar da ake bari tsakanin karo da karo, ya koma wajen 4. Siririn yanki ke nan tun daga ƙasa har sama, mai wuyar yankawa, mai saurin karyewa, kuma shi ido zai fara kamawa duk safiya. Wani zai ce to a sa karo ɗaya a tsakiyar bango a bazu dama da hagu. Lissafa ka gani: abin ya ƙara lalacewa, domin yanzu sirara biyu za a samu, kowanne bai kai santimita 3 ba. Mafita ita ce a sa layin haɗi a tsakiya, karo biyu cikakku su zauna gefe da gefe, kowace kusurwa ta samu yanki mai kimanin 32. Bangon bai canja ba, karon bai canja ba, wurin farawa kawai aka gusa da rabin karo. Ƙa'idar da masu sana'ar ke riƙewa ita ce kada yanki ya gaza kashi ɗaya cikin uku na karon, in da hali ya kai rabi.

A nan ne kuma lissafin kuɗi ke fitowa. Mai shago zai ce a auna murabba'in mita, a ƙara kashi 10 cikin 100 na asara. A falo wannan ya isa. A ƙaramin banɗaki da babban karo yakan ba da kunya. Bangon nan namu, in tsayinsa 240 ne, murabba'in mita 4.44 ke nan. A tsayar da karo mai 60 da 120 a tsaye, kowane yanki mai 32 sai ya cinye karo guda, domin ragowar 28 ba ta isa ɗaya kusurwar. Guda 8 za a buɗe, murabba'in mita 5.76, ƙarin kusan kashi 30. A kwantar da shi kuwa, cikakke a tsakiya, karo ɗaya yana fitar da yanki uku masu 32, sai a tashi da guda 7, ko da yake a nan yankin bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon karon ba. Tela mai hankali ma sai ya juya shadda ya ga ta inda za ta fi yankuwa kafin ya sa almakashi. Shi ya sa a irin wannan ɗaki da guda ake ƙirga, bango bayan bango, ana duba ko ragowar wannan za ta shiga bayan ƙofa ko saman taga.

Kuma a ƙasarmu ƙarancin karo biyu ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Mafi yawan kayan daga nesa suke zuwa, wasu ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, su hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan su bi titi zuwa Garwa, Marwa, Kusiri, su haye Njamena. Wasu ta Najeriya suke shigowa. In ka koma shago bayan wata biyu, ko ka sami irin zanen karon, da wuya ka sami wanda aka gasa tare da naka. A jikin kwali akwai lambar launi da lambar girma, kuma kwali biyu masu suna ɗaya na iya bambanta da ɗan duhu ko da milimita ɗaya. A saya gaba ɗaya, lamba ɗaya, a ajiye 'yan guda a ɗaki saboda ranar da mai famfo zai fasa bango.

Tsayi ma yana da nasa lissafin. Daɓen banɗaki ba a miƙe yake ba, an karkata shi da gangan, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, don ruwan bokiti da na buta ya gangara rariya. Wanda ya ɗora layin farko a kan daɓe, duk layukan sama za su bi karkatar. Gwani yana ɗaure katako madaidaici da nibo, wato ma'aunin daidaito, a tsayin layi na biyu, ya hau daga nan, sai a ƙarshe ya dawo ya yanka layin ƙasa ya bi daɓen. Layukan haɗi kuma su zagaye bango huɗun a tsayi ɗaya. Ramin tsakani, milimita 2 ko 3, a sa shi cikin lissafi: layi tara na karo mai 30 da rami takwas masu milimita 3 sun ƙara santimita 2.4. Masu cewa a manna karo baki da baki don ya yi kamar marmara ba su ga abin da zafin Maris da Afrilu ke yi ba. Bango da karo suna motsi, in babu rami sai gefe ya ɓantare.

Sai maganar bututu, wadda a ganina ita ta fi jawo rigima. Mai famfo yakan gama nasa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, sannan a kira mai karo. Sai bakin famfo ya faɗo santimita 2 daga gefen karo, a zo hudawa ya tsage. Ya kamata ramin famfon ya faɗa cikin jikin karon sosai, ko kuma daidai kan layin haɗi. Gusa bututu da ɗan taƙi kafin a yi shafe aikin rabin awa ne. Saboda haka zanen ya riga mai famfo da mai lantarki, su uku su tsaya a ɗakin da alli a hannu.

Ba kowane bango ne sai an raba shi daidai ba. Tsaya a bakin ƙofa ka duba: bangon da ke fuskantarka da wanda madubi da wurin wanke hannu suke, su za a ba cikakkun karo. Yankan da ba shi da kyau a tura shi bayan ƙofa. Masu son jeri irin na bulo, rabi kan rabi, su sani dogon karo yakan ɗan gantsare a tsakiya tun daga wutar da aka gasa shi, sai gefen ɗaya ya haɗu da tudun ɗaya, yatsa ya riƙa jin tsani. Gocewar kashi ɗaya cikin uku ta isa. A kuma ɗora ƙarfe madaidaici mai mita 2 a jikin shafen. In rata ta kai milimita 5 a gyara bangon tukuna, domin babban karo ba ya lanƙwasa ya bi bango. Wani lokaci takardar ce za ta gaya maka 60 da 120 ya fi ƙarfin ɗakin, ka koma 30 da 60.

Abin da ke hana yin kalfinaj sau da yawa yadda ake biya ne. Mai karo a kan mita yake karɓa, wunin da ya yi yana awo da zane ba mita ko ɗaya a ciki, don haka yana ɗokin fara mannawa. Mai gida ya ware masa kuɗin wannan wuni daban, ya ce, "Malam, zana mini bango huɗun a takarda, da awon kowane yanki, mu duba tare kafin in je shago." In babu takarda, a shimfiɗa layi ɗaya a ƙasa ba gam, da ramukansa, a ɗora mita a kai.