Mece ce impak ta haidirolik, kuma me ya sa ba ita ke yanke hukuncin ɗaurin noti ba

'Yan uwa da ke aiki wajen Apapa da Tin Can da Ijora, musamman yaran gareji da masu bin manyan motoci, kun saba jin ana cewa a kawo impak. Yawancinmu wadda muka sani ita ce ta iska, wadda masu faci suke haɗawa da kwamfuresa su kwance tayar tirela kana jin tatatata tun daga nesa. Toh akwai yayarta, wadda ba iska take sha ba, man haidirolik ne ke tuƙa ta, ita ce impak ta haidirolik kuma a kanta nake son mu yi magana.

Yadda take aiki ba wuya. Akwai wani ƙaramin inji mai famfo da tankin mai, wani na fetur wani na dizal, wani lokacin ma ba a buƙatarsa sai a ja man kai tsaye daga jikin katafila ko motar aikin. Tiyo biyu ne ke zuwa wajen impak ɗin, ɗaya yana kawo mai da matsi ɗaya yana mayar da shi tanki. Man yana juya wani ɗan inji a cikinta, injin yana juya guduma, gudumar kuma tana ta dukan sandar da aka sa wa soket, wato kan da ke kama noti, ɗari-ɗari a cikin minti guda. Kamar dai yadda makanike yake kafa sifana a kan notin da ya ƙi motsi ya riƙa bugunta da guduma, sai dai nan bugun a ciki yake faruwa kuma da sauri, shi ya sa ba ta murɗe maka hannu duk da ƙarfin da take fitarwa. Irin na hannu galibi suna son lita 20 zuwa 30 na mai a minti da matsi wajen ba 140 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi), amma kowace da abin da kamfaninta ya rubuta, a duba kafin a haɗa.

Me ya sa ake zaɓarta a bar ta iska ko ta batir? Ƙarfi ne da juriya, ga kuma ruwa bai dame ta ba. Ba lantarki a jikinta, man kuma a rufe yake zagayawa, don haka masu nutso suna shiga da ita ƙarƙashin ruwa su yi aikin jeti ko jikin jirgi, kuma gari irin Legas da gishirin teku ke cin ƙarfe har noti ya manne da tsatsa, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Masu gyaran layin dogo ma suna aiki da ita, haka masu kafa turakun wuta da masu haɗa ƙarafan gini.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Impak ba ta san ma'auni ba. Kowane noti yana da iyakar ƙarfin murɗar da aka tsara masa, ana auna shi da Nm, misali notin tayar babbar mota yawanci wajen 600 ne. Ita kuwa impak muddin yatsanka na kan kunama bugu take yi, ƙarfin da notin ya samu ya danganta da daɗewar da ka yi da yanayin zaren, ko busasshe ne ko da mai ko da tsatsa, da ma zafin man da ke cikin tiyo. Sai ka ga yaro ya danne ta har sai soket ya daina motsi yana ganin ya yi aiki mai kyau, alhali ya miƙar da kusar ta wuce iyakarta, ranar da motar ta ɗau kaya ta hau hanyar Ibadan ta faɗa rami sai kusoshin su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi wannan abin yana damuna, saboda tayar tirela in ta fice a guje ba direba kaɗai take shafa ba.

Abin da ya kamata, ka fara ɗaura notin da hannu zagaye biyu uku don kar zare ya hau karkace, sannan impak ta kai shi ya zauna, kana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, ba bi da bi ba, sai a ƙarasa da sifana mai ma'auni. A manyan ayyuka irin haɗa bakin bututun mai akwai wata daban, tok renci ta haidirolik, ita ba ta bugu, a hankali take turawa da matsi har ba 700 kuma ana saita ta daidai lambar da injiniya ya bayar. Duk biyun mai suke sha amma ba abu ɗaya ba ne, kar oga ya aike ka ɗauko wannan ka kawo waccan.

Soket kuma baƙi ake sa mata, wanda aka yi don bugu, mai ƙyallin nan na sifanar hannu yana iya tarwatsewa ya shiga ido. A sa masa fil da zoben roba ya riƙe. Gilashin ido da abin toshe kunne dole ne, ƙararta tana cin ji a hankali. A goge bakin tiyo kafin a haɗa don yashi kaɗan ya isa ya lalata famfo.

Sai maganar yoyo, dan Allah kar wanda ya shafa tiyo da hannu yana neman inda mai ke fita. Ramin da bai kai tsinin allura ba yana iya harba mai ya huda fata ya shige cikin nama, da farko kamar cizon ƙwaro za ka gani, amma yana iya kaiwa ga yanke yatsa ko hannu. Kwali ake karawa a nemo wajen, sannan a kashe inji a sauke matsi kafin a taɓa komai. Wanda kuma man ya riga ya huda shi, a kai shi asibiti nan take a faɗa wa likita man haidirolik ne ya shiga, don aikin tiyata ne ba na ɗaure ciwo a kemis ba.