Yadda ƙa'idar NASA ke kai matuƙin sojan ruwa sararin samaniya

Dokar da ta kafa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a 1958 ta ce hukumar ta farar hula ce. Duk da haka, da aka zo ɗaukar 'yan sama jannati na farko, Shugaba Eisenhower ya ce a nemo su cikin sojoji matuƙan gwajin jirage. Sharuɗɗan 1959 sun yi tsauri: kada mutum ya kai shekara 40, ya kasance da digiri, ya gama makarantar gwajin jirage, ya yi awa 1,500 yana tuƙi, kuma tsayinsa kada ya wuce ƙafa biyar da inci 11, saboda kumbon Mercury ɗan ƙurmusasshe ne. Cikin bakwai da aka zaɓa, uku sojojin ruwa ne: Alan Shepard, Wally Schirra da Scott Carpenter. Shepard ne Ba'amurke na farko da ya je sararin samaniya, ranar 5 ga Mayu 1961.

Dalilin zaɓar irin waɗannan mutane a bayyane yake. Matuƙin gwaji shi ake ba jirgin da ba a gama sanin halinsa ba, ya tashi da shi, ya matsa masa har iyakarsa, ya sauko ya rubuta wa injiniyoyi abin da ya ji a hannunsa da abin da agogon jirgin ya nuna. Makarantar sojan ruwa da ke koyar da wannan tana Patuxent River a jihar Maryland, kwas ɗin kusan shekara guda ne, kuma lissafi da rubuta rahoto suna cin lokacin ɗalibi kamar yadda tuƙi ke ci.

Sai dai ƙa'idar ta yi wa mata rufin ƙofa ba tare da ta ambace su ba, tunda a lokacin soja ba ya barin mace ta tuƙa jirgin yaƙi, balle ta shiga makarantar gwaji. A 1962 matuƙiya Jerrie Cobb ta kai kukan gaban kwamitin majalisar dokoki, ba a canza komai ba. Sai 1978 aka ɗauki mata shida cikin mutum 35. A ganina shekarun nan asara ce babba, kuma sharaɗi ne ya jawo ta, ba rashin gwanaye ba.

Yanzu fa? Mai nema dole ya zama ɗan ƙasar Amurka. Tun daga 2020 ana neman digiri na biyu a fannin injiniya, kimiyya, kwamfuta ko lissafi. A nan ne matuƙin gwaji ke da tasa ƙofar: kammala makarantar gwajin jirage da aka amince da ita yana tsayawa a madadin digiri na biyun. Bayan karatu sai gogewa, ko dai shekarun aiki a fannin da mutum ya karanta, ko awa 1,000 a matsayin matuƙin da ke riƙe da ragamar jirgi. Daga nan sai gwajin lafiya mai tsanani.

Ku dubi Sunita Williams. Ta gama kwalejin sojan ruwa a 1987, ta yi ta tuƙa jirgi mai saukar ungulu, ta kammala makarantar Patuxent River a 1993, NASA ta ɗauke ta a 1998. Shekara 11 ke nan tana tara abin da za ta gabatar. Reid Wiseman, wanda aka naɗa kwamandan tafiyar Artemis II ta zagaya duniyar wata, ta wannan makarantar ya bi kafin a ɗauke shi a 2009.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: sojan da aka zaɓa ba ya ajiye kaki. Aronsa rundunarsa ke ba NASA, albashinsa da muƙaminsa suna nan a hannun soja.

Cika sharuɗɗa kuwa damar shiga layi kawai yake bayarwa. A zaɓen 2017 mutum sama da 18,300 suka nema, aka ɗauki 12. A 2021 an ɗauki 10 cikin sama da 12,000. Wanda ya tsallake ma ɗan takara ne tukuna. Zai yi kusan shekara biyu a cibiyar Johnson da ke Houston yana koyon Rashanci, yana tuƙa jirgin T-38, yana atisayen aikin wajen kumbo a ƙarƙashin ruwa, har da gwajin ninƙaya sanye da kayan tuƙi da takalmi. Sai ya ci waɗannan duka sunansa ke shiga jerin waɗanda za a iya tura wa tafiya, kuma jiran tafiyar farko kan ɗauki shekaru.