Magungunan sitiroyid na rage kumburi a jinyar dabbobi

Magunguna ne da aka haɗa bisa kwaikwayon kotisol, sinadarin da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda suke fitarwa. Likitocin dabbobi na ba da su don kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ko don danne garkuwar jiki idan ta koma tana yaƙar jikin dabbar. Sun sha bamban da sitiroyid ɗin ƙara tsoka.

Tarihi

Daga likitancin mutane suka samo asali. A shekarun 1930 Edward Kendall a Amurka da Tadeus Reichstein a Suwizalan suka yi ta tace sinadaran waɗannan gaɓoɓi, kowa a ɗakin bincikensa. A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo ya gwada kotison, ɗaya daga cikin sinadaran da aka tace, a kan wata mata mai ciwon gaɓɓai, ta samu sauƙi cikin 'yan kwanaki. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1950. Wajajen 1955 nau'o'in maganin da ake kira firednison da firednisolon suka shigo kasuwa, deksametason ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1950, ba a jima ba kuma likitocin dabbobi suka karɓe su.

Yadda suke aiki

Maganin na shiga cikin ƙwayar halitta ya hana ta sarrafa sinadaran da ke tayar da kumburi. Firednisolon ya ninka kotisol ƙarfi kusan sau 4, deksametason kuwa sau 25 zuwa 30, kuma aikinsa kan wuce awa 36 a jiki. Firednison sai hanta ta mayar da shi firednisolon kafin ya yi aiki, shi ya sa ba a cika ba kyanwa da doki shi ba, domin jikinsu ba ya cin moriyarsa sosai.

Amfani

Ƙaiƙayin fata a karnuka, asma a kyanwoyi da dawaki, wasu nau'o'in sankarar jini, da jawo naƙuda a shanu.

Illoli

Karen da ke shan maganin yakan yawaita shan ruwa da fitsari da ci. Idan aka daɗe, gashi ya zube, fata ta yi sirara, ciki ya kumbura. Kyanwa kan iya kamuwa da ciwon suga. Deksametason kan sa saniya ko tunkiya mai tsohon ciki ta yi ɓari. Haɗa su da sauran magungunan kumburi kan jawo gyambon ciki, sannan suna ɓoye alamun cuta alhali ƙwayoyinta na ci gaba da yaɗuwa. Dabbar da ta daɗe tana sha ba a yanke mata rana ɗaya, a hankali ake ragewa har gaɓoɓin nata na saman ƙoda su farfaɗo su ci gaba da fitar da kotisol.

Masana ba su daidaita ba kan ko maganin na haddasa ciwon kofato a lafiyayyen doki. A dabbobin nama da madara, akwai wa'adin da doka ta gindaya kafin a yanka ko a tatsa don sayarwa.