Fadar Dirakula da muhawarar da ta ƙi ƙarewa: me 'yan gem ke cewa game da Symphony of the Night?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ya san sunan Konami, domin su ne masu PES. Sai dai kamfanin nan na Japan yana da wani gem da ba ruwansa da ƙwallo, wanda tun 1997 masu bugawa ke ja-in-ja a kansa, wato Castlevania: Symphony of the Night. Wasu na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, wasu kuma na ganin an cika zuzuta shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa. Tun yanzu ina gargaɗi: dole in tona wani babban sirri na tsakiyar gem ɗin, domin a can ne rigimar take.

Wane irin gem ne, kuma mene ne labarinsa?

Ya fito a Japan a watan Maris na 1997 a kan PlayStation ta farko, ya isa Amurka a watan Oktoba na shekarar. Toru Hagihara ne ya jagoranci aikin, Koji Igarashi kuma mataimakinsa ne, kuma shi ne daga baya ya riƙe ragamar jerin Castlevania na shekaru da dama.

Labarin yana faruwa ne a ƙarshen ƙarni na 18. Richter Belmont, wanda zuriyarsu ta gaji farautar Dirakula, sarkin masu shan jini, da bulala, ya kashe shi a 1792, bayan shekara huɗu kuma ya ɓace bat. Sai ga fadar Dirakula ta sake bayyana. Wanda ya shiga cikinta shi ne Alucard, ɗan Dirakula na cikinsa, wanda mahaifiyarsa Lisa 'yar Adam ce. Ɗa ne ya zo rushe gidan ubansa. Fadar kuwa ginin Turai ce ta zamanin da, irin ta manyan majami'u masu tsinin rufi da tagogin gilashi masu launi: ga dogayen zaure na marmara, ga ɗakin karatu, ga hasumiyar agogo, ga koguna da makabarta a ƙarƙashin ƙasa, ko'ina kyandirori da ƙwarangwal masu tafiya.

To me ya bambanta shi da sauran Castlevania?

Tun na farko a 1986, yawancinsu hanya ɗaya ce: ka gama wannan mataki, ka kayar da babban dodonsa, ka wuce na gaba, ba waiwaye. Masu wuya ne ƙwarai, tsalle ɗaya in ka kuskure sai rami.

A nan sai aka mai da fadar gida guda ɗaya mai haɗe da juna, aka ba ka taswira da ke cika da shuɗin launi duk ɗakin da ka taka. Ba wanda zai ce maka bi nan. Za ka ga wani soro can sama da tsallenka bai kai ba, ko wata ƙofar ƙarfe mai raga da ba ka da yadda za ka yi da ita. Sai ka wuce. Bayan awa biyu ko uku ka sami dutsen da ke ba ka tsalle biyu a sama, ko ka koyi rikiɗa zuwa hazo ka ratsa ta raga, ko jemage ka tashi, sai wannan soron ya faɗo maka a rai. Ka juyo ka dawo. Wannan komawar ita ce zuciyar gem ɗin. Super Metroid na Nintendo ya yi irin wannan tsari tun 1994, shi ya sa 'yan gem suka haɗa sunayen biyu suke kiran salon Metroidvania, ko da yake Igarashi ya sha faɗin cewa Zelda ce ta fi zama musu madubi.

An kuma ƙara masa abubuwan da ba a saba gani ba a Castlevania: ƙarfin Alucard yana ƙaruwa gwargwadon abokan gaban da ya kashe, yana canza takobi da garkuwa da sulke, har da wani tsohon mai kula da ɗakin karatu da ke sayar masa da kaya a ɓoye.

Masu yabonsa, me suka fi kamawa?

Abu na farko da kowa ke ambata shi ne buɗewarsa. Alucard yana shigowa fadar da cikakken shirin yaƙi, yana sare manyan kyarketai da sara ɗaya ɗaya, kana jin ba mai iya tare ka. Ba a jima ba sai Mutuwa, na hannun daman Dirakula, ya tare shi ya ƙwace komai. Ka koma hannu rabbana, da naushi za ka kashe ƙwarangwal na farko kafin ka tsinci ɗan guntun takobi. A cikin 'yan mintoci an ɗanɗana maka abin da za ka zama, an karɓe, an bar ka da kwaɗayin nemo shi. Ni a ganina gem kaɗan ne suka iya jan ran mai bugawa da dabara mai sauƙi irin wannan.

Sai kiɗan Michiru Yamane. Kowane ɓangare na fadar da nasa: ɗakin karatu da sautin kiɗan fadar Turai na da, ɗakin ibada da muryoyi a hankali, hasumiyar agogo da jita mai zafi. Akwai mutanen da ba su taɓa gama gem ɗin ba amma suna sauraron kiɗansa. Zanen Ayami Kojima kuma shi ya ba Alucard kamanninsa, farin dogon gashi da baƙar alkyabba, har ya sauya fuskar jerin gaba ɗaya.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba su da wani amfani wajen cin gem, amma masu gini suka ɓata lokaci a kansu. A ɗakin ibada akwai wurin ikirari. In ka zaunar da Alucard a kujera, wani fatalwa zai zo ya zauna a ɗaya gefen, wani ya saurare ka, wani kuwa ya kai maka suka ta labule. A bangon waje akwai madubin hangen nesa da za ka leƙa ka hango mai kwale-kwale a kan ruwa. Masu son gem ɗin suna kafa hujja da irin waɗannan cewa fadar wuri ne da ake zama a ciki, ba filin faɗa kawai ba.

Kada a manta lokacin da ya fito. Super Mario 64 da Tomb Raider sun fito a 1996, Final Fantasy VII a 1997, duniya ta raja'a kan 3D. Fito da gem mai zanen gefe a lokacin kamar komawa baya ne. Yau kuwa yawancin gem ɗin 3D na wancan zamani sun tsufa a ido, shi kuma zanensa yana nan da kyansa.

Gaskiya ne ya yi sauƙi da yawa?

Gaskiya ne, kuma wannan ne babban ƙorafin tsofaffin 'yan Castlevania. Igarashi ya bayyana cewa da gangan aka sa tsarin ƙarin ƙarfi, domin wanda hannunsa bai ƙware ba shi ma ya ga ƙarshen gem ɗin in ya yi haƙuri. Sai dai abin ya zarce. Akwai takobin da ake kira Crissaegrim, wanda wani dodo mai shawagi ke yarwa jefi-jefi a rabi na biyu. Yana sara sau da yawa a dannawa ɗaya kuma ba ya tsayar da kai daga tafiya. Akwai haɗin sandar Shield Rod da garkuwar Alucard, wanda in ka kunna shi sai dai ka jingina garkuwar da dodo kana kallon jininsa na zuba, naka na ƙaruwa. Da ɗayan biyun nan, har Dirakula kansa ba ya ɗaukar lokaci. Galamoth, wani ƙaton dodo mai jifa da tsawa, shi ne kaɗai ake yi wa kallon ƙashi, shi ma ba dole ba ne a yaƙe shi, kuma akwai kambin da ke mai da tsawarsa magani.

Masu kare gem ɗin suna cewa ai ba wanda ya tilasta maka ɗaukar waɗannan makamai, kuma nemo su ma wani ɓangare ne na daɗin bincike. Masu suka suna mai da martani cewa ba aikin mai bugawa ba ne ya ɗaure hannunsa don gem ya yi armashi. A nan ina tare da masu suka rabi da rabi. Faɗan manyan dodanni, musamman a ƙarshe, bai kai na Rondo of Blood na 1993 ba, wanda wannan ya ɗora a kansa. Amma wanda ya zo neman gwada ƙwanji ya ɓata hanya ne. Abin da gem ɗin ke gwadawa shi ne lura da tunawa: wace ƙofa ka bari a baya, wane bango ne ya yi kama da wanda zai fashe. Mai son wuya kuma an bar masa mafita, domin bayan ka gama, in ka rubuta RICHTER a wurin suna, za ka buga da mai bulala ba tare da ƙarin ƙarfi ko canjin sulke ba.

Mece ce maganar kifaffiyar fada da ake ta yi?

Ga sirrin. In ka hau can ƙololuwar fada za ka tarar Richter ne ke zaune a matsayin mai gida. In ka kashe shi, gem ya ƙare, sunayen masu aiki su fara wucewa. Mutane da yawa a 1997 a nan suka ajiye, suna zaton sun gama.

Ashe rabi ne. Akwai zobba biyu, na zinariya da na azurfa, ɗaya a cikin kogunan ƙasa, ɗaya a ƙarshen wani lungu mai ƙayoyin ƙarfe da ba ka ratsa shi sai da sulke na musamman. In ka sa su tare a ɗakin babban agogo, ƙasa za ta buɗe, Maria Renard, wata budurwa da ta shigo fadar neman Richter, ta ba ka tabarau. Da tabaran nan ne za ka ga wani koren dunƙule yana shawagi a kan Richter: matsafi Shaft ne ke juya shi. Ka bar mutumin ka fasa dunƙulen, sai ga wata fada ta sauko daga gajimare, irin ta farko sak amma a kife, rufi ya koma ƙasa, matakala ta koma sama. Dole ka tattaro kayan Dirakula guda biyar kafin ka kai ga faɗan gaskiya. Shi ya sa cikar taswirar ba kashi 100 ba ce, 200.6 ce.

A nan ra'ayi ya rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa ba a taɓa yi musu ba-zata irin wannan ba, kuma ganin ɗakunan da ka haddace a kife yana sa ka sake koyon gidan da kake zaton ka sani. Ɗaya ɓangaren na cewa dabara ce ta tsawaita gem da arha. Hujjarsu kuwa tana da ƙarfi: a kifaffiyar fada ba sauran ƙofar da ke jiran sabuwar baiwa, tunda ka riga ka mallaki kusan duka, don haka wannan daɗin komawa baya ya tafi. Ɗakunan ba don tafiya a kan rufi aka tsara su ba, sai ka yi ta rikiɗa jemage. Labari ya yi ƙaranci, kiɗa ɗaya yana maimaituwa a wurare da dama, wasu ɗakuna kuma an cika su da abokan gaba ba tsari.

Duk na yarda da wannan, rabi na biyu bai kai na farko ba. Amma abin da nake girmamawa shi ne ƙarfin halin ɓoye rabin aikinka a bayan zobba biyu, ka yarda cewa mai bugawa zai kalli taswirarsa ya ga gurbin da bai cika ba ya ce a'a, da sauran magana. Yawancin gem na yau kibiya suke sa maka a allo. Wannan kuwa ya ɗauke ka mai hankali, kuma ina ganin shi ya sa har yau ake maganarsa. Lokacin da Igarashi ya bar Konami a 2014 ya nemi tallafin jama'a a Kickstarter a 2015 don yin Bloodstained: Ritual of the Night, an tara masa sama da dala miliyan 5.5, galibi daga mutanen da ke kewar wannan salo. Gem ɗin ya fito a 2019.

Me ya sa ake faɗa a kan muryoyi?

Muryoyin Turanci na bugun 1997 an yi su da zaƙewa kamar wasan daɓe, musamman cacar bakin Richter da Dirakula a farko, kuma 'yan gem sun haddace su. A 2007 aka sake fassara da ɗaukar murya don bugun PSP, na'urar gem ta hannu ta Sony. Sabon ya fi bin asalin Japananci, amma masu tsohon suna cewa an cire masa gishiri. Wanda bai taso da tsohon ba, wannan ba zai dame shi ba.

Akwai abin da ya kamata iyaye su sani?

Akwai. Gem ne na tatsuniyar masu shan jini ta Turai, cike da tsafi, fatalwa, aljanu, jini da alamomin coci irin su gicciye. A Amurka an ba shi matakin matasa, ba na ƙananan yara ba. Wani zai ɗauke shi almara kawai, wani kuwa ransa ba zai kwanta da shi ba, kuma gara mutum ya sani kafin ya saya ko ya miƙa wa yaro.

A ina za a same shi yanzu, kuma yana tafiya a waya?

Ya fito a Xbox 360 a 2007 da tsofaffin muryoyi, a PS4 a 2018 cikin Castlevania Requiem tare da Rondo of Blood, sannan a Android da iOS a watan Maris na 2020. Na PS4 da na waya sababbin muryoyin ke ciki, kuma ana iya bugawa da Maria. Ƙorafin da aka fi yi wa na waya shi ne madannan kan gilashi: yatsa yana rufe abin da kake son gani, kuma tsafe-tsafen Alucard da ake yi da jujjuya madanni irin na gem ɗin faɗa suna wahala. Yana karɓar hannun gem na Bluetooth, kuma in da hali a haɗa shi. Wani abin da ke ba sababbin shiga haushi a kowane bugu shi ne maganin ƙarin jini: sai ka buɗe jerin kaya ka ɗora shi a hannun Alucard a madadin makami, ka yi amfani da shi, sannan ka mai da takobinka. A tsakiyar faɗa da Galamoth wannan ba ƙaramin ɓata rai ba ne, don haka a nemo 'yar aljana mai rakiya da ake kira Faerie da wuri, ita ce ke ba shi maganin da kanta in jininsa ya yi ƙasa.